Katunan da Mai Fenti Ya Cusa a Wasanmu

Shagona da na Mai Fenti katanga ɗaya ce ta raba su, ita ma ba ta kai rufi ba. In na taka keken ɗinki shi ke fara jin ƙara, in ya buɗe gwangwanin fenti ni ke fara shaƙa. Haka muka yi shekara da shekaru, yana tsine wa kekena ina tsine wa warinsa, amma duk ranar da ɗayanmu bai fito ba sai ɗayan ya bi shi gida ya ji ko lafiya.

Dogo ne siriri, maganarsa tsada gare ta, kuma ko da kananzir ya wanke hannu sai ka ga shuɗi da ja a gefen farcensa. Sana'arsa rubutun allon shago, amma inda ya yi suna shi ne tambarin kamfanoni. Ka miƙa masa kwalin sabulu ko gwangwanin madara, ya ƙura masa ido ɗan lokaci, ya hau tsani, kafin yamma ya fitar maka da shi a bango har ka rantse kamfanin ne ya turo ma'aikatansa. A wurin masu wannan sana'a babu yabon da ya kai a kasa gane hannunka. In mutum ya dubi tambari ya ce, "Wannan aikin Mai Fenti ne," to a ganinsa zagi ne, wani wuri ya karkace ke nan.

Yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa: ba ya zana tambari sai ya shiga shagon ya ga kayan da idonsa. A gabana ya taɓa saukowa daga tsani ya naɗe buroshinsa, aiki bai kai rabi ba, don ya leƙa ciki ya tarar mai shagon yana ɗura man inji daga duro zuwa galan mai sunan kamfani. Mutumin ya biyo shi yana magiya. Abin da ya ce masa kawai shi ne, "Ba na sa wa ɗa sunan uban da ba nasa ba."

Daga baya injin buga bana, wato manyan tallace-tallacen leda, ya shigo gari, aiki ya yi ta ja baya har tsanin ya zama wurin rataye tsumma. Abin dariyar, autarsa can ta samu aiki, a ɗaya daga cikin shagunan masu injin. Bai hana ta ba. Ya ce zamani riga ne, kuma ni tela na fi kowa sanin riga ba ta zama ɗaya.

A wannan tsakanin wasan ya shigo rayuwarmu. Mai Kemis na bakin titi ne ya tsinto shi a wurin masu gwanjo, cikin wani kwali mai faɗi da ya sha duniya. Allo ne mai zanen teku da tsibirai, da ƙananan jiragen ruwa na katako, kowa yana ɗaukar kaya daga wannan tsibiri ya kai wancan. Duk wanda layi ya zo kansa sai ya ja kati ɗaya daga tarin da aka kife, katin ya gaya masa abin da ya same shi a hanya: guguwa, 'yan fashin teku, ko iska mai kyau. Mu huɗu ne, ni da Mai Fenti da Mai Kemis da Direba, wani mai motar haya da muryarsa ta fi ta injinsa ƙarfi. Cikinmu babu wanda ya taɓa taka jirgin ruwa, amma duk ranar hutu da yamma mukan baje a kan dogon teburin Mai Fenti mu yi ta gardama a kan teku kamar a cikinsa aka haife mu.

Bayan katunan duk iri ɗaya ne: shuɗi mai duhu, farin tsuntsu a cikin da'ira, sunan kamfanin a ƙasa. Dole su zama iri ɗaya, don kada kowa ya san abin da ke tafe. To amma ruwa ya taɓa ɓata wasu tun kafin su zo hannunmu, kuma Direba, da ba ya iya riƙe ranar haihuwar 'ya'yansa, nan da nan ya haddace tabon kowanne. Da ya hango mai tabo a kusurwa sai ya laɓe da jirginsa a tasha, ya bar wani ya faɗa guguwa. Da muka gano, Mai Fenti ya tattara masu tabon ya ce zai sake su. Ya nemo kwali mai kaurin da ya dace, ya haɗa shuɗin, ya zauna da ƙaramin buroshi kamar mai ɗinkin hannu. Ranar da ya dawo da su muka juya, muka ɗaga a hasken ƙofa, har Mai Kemis ya sa tabarau, babu wanda ya iya ware sabo daga tsoho.

Bayan wannan sai muka fara cin karo da katunan da ba mu taɓa gani ba. Ba mu damu ba, tarin yana da yawa, wani katin sai a daɗe bai fito ba. Mai Kemis ke karanta mana, don da harshen kamfanin aka rubuta su. Akwai wanda ya ce ɓera ya shiga kayanka, ka zubar da buhu ɗaya. Akwai wanda ya ce matuƙanka sun yi yaji, ka zauna har zagaye ya dawo. Wanda ya fi tashe shi ne katin suruki: surukinka ya hau jirginka, dole ka fara kai shi tsibiri mafi nisa kafin ka sauke kayanka. Ranar da ya fara faɗa wa Direba sai da ya daki tebur jirage suka yi tsalle.

"Wallahi mutanen nan sun san duniya!" in ji shi. "Su ma suna da surukai!"

Mai Kemis ya gyaɗa kai ya ce ai irin waɗannan kamfanoni ba sa fitar da abu sai masana sun zauna a kansa. Mai Fenti kuwa yana dai ta gauraya kati.

Ni na riga sauran sanin gaskiya. Wata rana da hantsi ina yanka yadi sai na ji dariyarsa ta tsallako katanga, dariya sosai har da tari. Abin ya ba ni tsoro, na ajiye almakashi na zagaya. Na tarar da Auta tsaye da waya a hannu, fuskarta babu walwala, shi kuwa yana share hawaye da gefen riga.

"Tela, zo ka ji shaidar da aka ba ni," ya ce. "Auta, sake karanta masa wurin nan."

Sai da Auta ta faro mini daga tushe. Katin ɓera da na yaji da na suruki da sauransu duk nasa ne. Shi ke ƙirƙira, ita ke rubuta masa kalmomin da harshen kamfanin, shi kuma ya kwafe su harafi bayan harafi ya cusa a tarin. Da suka yi yawa ta roƙe shi ya bari ta ɗauki hotonsu, gaba da baya, ta ɗora a wani dandali na intanet inda masu son wasan ke haɗuwa, don wasu ma su buga a takarda su yi wasa da su. Ya yarda. Mutane suka yi ta saukewa. Yanzu ga saƙo daga kamfanin. Sun yi magana cikin ladabi, sun ce aikin ya burge su, har wasu ma'aikatansu sun kasa bambance bayan katin da nasu.

"Ka ji ko?" ya ce. "Su da kansu!"

"Baba, ba yabo suka aiko ba," in ji Auta. "Ƙorafi ne. Cewa suka yi a sauke."

Ya daina dariya, amma bai fahimta ba. Ya ce shi bai sayar wa kowa ba, kyauta ya bayar, mene ne laifin kyauta? Auta ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce wani can a wani gari ya buga katunan ya zuba a kwali yana sayarwa a matsayin na kamfani, waɗanda suka saya kuma suna ta aika wa kamfanin tambaya a kan dokokin da bai san da su ba. Ta ce tsuntsun da sunan tambarinsu ne, da shi ake gane kayansu. Jiragen da ya kwafa a fuskar katin kuma zanen wani mai zane ne da ya yi musu aiki, suna da haƙƙin mallakarsa.

"Ba su hana ka yin katinka ba, Baba. Sun ce ka cire tsuntsun da sunansu, ka zana jiragenka, a kuma rubuta a fili cewa masoyin wasan ne ya yi, ba su ba."

"Tun kafin a haife ki nake zana tambarin kamfanoni a bango," ya ce. "Ko ɗaya bai taɓa aiko mini da saƙo ba."

Ni bakina ba ya iya zama da magana. Na ce, "Ai a bangon nan sabulunsu ne a cikin shagon. Wannan kuwa me ke cikin galan? Kai da ka sauko daga tsani saboda man inji?"

Ya dube ni. Na zaci zai kore ni, sai ya juya ya dubi teburin, ya daɗe yana kallonsa. Auta ta harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Ita ce ta nemo masa hanya mai sauƙi. Ta ce na intanet kawai za a gyara, waɗanda ke cikin kwalinmu babu wanda ya san da su, babu mai zuwa daga kamfani ya leƙa shagon fenti. Na goyi bayanta, na ce a bar kaza cikin gashinta. Sai da Auta ta tafi aiki ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Tela, in Direba ya san ni na yi katin suruki, zai yarda ya kai shi tsibirin?"

Na ce zai yarda mana, me zai hana?

Ya ce, "Ido, wa ka raina?"

Ban ƙarasa masa ba, don mu biyun mun san sauran. A nan na gane abin da yake tsoro, kuma ba kamfani ba ne. Aiki ya gudu ya bar shi, bangayen da ya zana duk an rufe su da bana, abin da ya rage masa shi ne teburin nan da mutum uku da ke bin dokar da ya ƙirƙira suna murna. Tsuntsun ne ke riƙe masa su. Tausayinsa ya kama ni har na rasa zolayar da zan yi masa.

Duk da haka sai ya ware nasa daga cikin tarin. Shi kaɗai zai iya. Ya shafe bayansu da ruwan ɗorawa, ya zana ɗan buroshi a tsakiya. Ya sake fuskokin gaba ɗaya, ya zana jirage irin na kansa, masu ƙaton ciki kamar sun ci sun ƙoshi, ya kuma rubuta dokokin da harshenmu. Ranar hutu ya ajiye tari biyu a kan tebur, shuɗi da ɗorawa, ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, idonsa a kan allo.

Direba ya fara da dariya, amma ba ta daɗe ba ta koma fushi. "Wato duk tsawon lokacin nan kai kake cuta ta? Kana zaune nan kamar ba ka san komai ba, ina ta jigilar suruki? Dama na sha faɗa, katin nan babu adalci a cikinsa!"

Bai taɓa faɗa ba, ni shaida ne.

Na Mai Kemis ya fi ciwo, don cikin ladabi ya zo. Ya ɗauki katunan ɗaya bayan ɗaya, ya yaba hannun, ya ce kai, baiwa daga Allah ce. Sannan ya haɗa su ya daidaita gefensu ya ajiye a murfin kwali. Ya ce gara mu koma na asali, don su can sun auna komai, kuma yanzu da bayan ya bambanta ana ganin katin tun daga nesa.

Na ce, "Katin surukin nan fa shi ne wanda ka ce masana sun zauna a kansa. Ko kaɗan ma'anarsa ba ta canja ba."

Ya ce, "Da bambanci, Tela."

Mai Fenti ya ce, "To." Ya ɗauki murfin ya zube katunansa a kan kanta tsakanin gwangwanaye, ya dawo ya raba mana jirage.

Ranar na koma gida ina huci, matata ta ce ko an ci ni ne. Na daɗe ina juya maganar Mai Kemis, don na so in same shi da laifi tsantsa ban samu ba. Ni ma na sha gani a shagona: riga ɗaya, ɗinki ɗaya, in an liƙa mata suna a wuya mutum ya sa ta yana taƙama, in babu ya juya ta yana neman inda zare ya fita. Amma sunan nan ba daga sama ya faɗo ba. Wasu ne suka yi shekaru suna fitar da abu mai kyau har aka yarda da su ido rufe. Yardar nan Mai Fenti ya ara ba tare da ya tambaya ba, ko da yake da kyakkyawar niyya, kuma da ya mayar da ita sai ya ga nasa nawa ne a wurinmu. Abin da ya ba ni haushi shi ne mu da muka san shi, muka san hannunsa, mu ne muka fi kowa rowar yarda.

A intanet ma haka ta kasance. Auta ta sake ɗora su da sabon baya da bayanin da aka nema, kamfanin ya yi godiya, magana ta mutu. Wasu ƙalilan suka sauke, yawanci suka wuce. Bai tambaye ta ba, ita ma ba ta kawo zancen ba.

Wasa dai bai tsaya ba. Duk ranar hutu yakan share tebur ya jera kujeru kafin mu zo, a ci shi ya yi murmushi, ya ci bai yi murna ba. Kati ya daina yi. Ƙura ta fara hawa na kan kanta, kuma ko sau ɗaya ban ga ya kalli wajen ba in muna nan. Guguwa, 'yan fashi, iska mai kyau, guguwa. Babu mai dukan tebur kuma, har akan tashi tun rana ba ta faɗi ba.

Wata ranar aiki da tsakar rana sai ga Direba ya faka a bakin layi. Shagona ya fara shiga, wai aljihunsa ya yage. Na duba aljihu lafiyarsa lau. Ya yi ta kame-kame, ya tambayi kuɗin yadin da ba zai saya ba, sannan ya sulale zuwa maƙwabta. Ni kuwa na ɗauke ƙafa daga keke, don ba a yi mini kunne don ado ba.

"Wani abu ne ya faɗo mini a hanya," na ji yana cewa, muryar nan tasa ta koma ƙasa. "Ga shi na ɗan zana a bayan kwalin nan, kada ka yi dariya. Fasinja ya manta kayansa a tsibirin da aka baro, sai an yi nisa ya tuna. Dole a juya. Wallahi yau ma sai da aka yi mini."

Sannan Mai Fenti ya ce, "Kati ne mai kyau."

"To ka yi mini shi. Amma ka sa masa tsuntsun nan a baya, mu cusa shi a hankali. In Mai Kemis ya san nawa ne, ka san halinsa."

"Ba na zana tsuntsu."

"To sa buroshinka, a ce naka ne."

"Shi ma ba zan sa ba. Ba nawa ba ne. Me kake so a zana maka? Sitiyari?"

"Haba Mai Fenti. Raina shi za su yi."

"Za su iya," ya ce. "Ka ga nawa can a kan kanta."

Na daɗe ban ji motsi ba, har na zaci ya fita. Can sai na ji an ja kujera.

Ranar hutu da aka kife tarin, ga wani kati kore a tsakiyar shuɗin, ana hango gefensa. Aka yi ta ja, yana ta matsowa sama, Direba yana ta share gumi alhali fanka na juyawa. Da ya fito fili, sitiyari ɓaro-ɓaro a bayansa, layin Mai Kemis ne, jirginsa cike da kaya, saura ƙiris ya shiga tasha. Ya ja, ya gyara tabarau, ya karanta a zuci, ya sake karantawa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Direba. Da ƙyar na ji shi.

Mai Kemis ya dube shi, ya dubi Mai Fenti, ya dubi jirginsa. Ina ganin gardamar tana taruwa a bakinsa. Sai ya ja dogon tsaki, ya sa yatsa ya mayar da jirgin baya har tsibirin da ya baro.

"Allah ya isa tsakanina da fasinjan nan," ya ce. "To a sauko da sauran mana. In za a cuce ni, a cuce ni gaba ɗaya."

Mai Fenti ya tashi ya nufi kanta. Katunan suna nan a gabansa, hannu kawai zai miƙa, amma ya tsaya ya juya mana baya, ya ɗauki wannan gwangwani ya ajiye, ya matsar da wancan. Direba ya buɗe baki zai ce ga su nan kusa da hannunka. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, muka jira.